Tafiyar da Muka Kai Mutumin Kogo Yamai

Litinin: daga gida zuwa Filinge

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka tashi, ana sallame salla. Mu huɗu ne a motar, ko biyar in za a ƙirga wanda ke cikin akwati. Hamadu direba, Bazabarme mutumin Damana, shi ke tuƙi. Baba da ƙanwarsa Gwaggo Hajo suna gaba kusa da shi. Ni kuwa ina baya a fili, na rungume akwatin katako don kada gargada ta wargaza abin da ke ciki.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba, ga yadda aka yi. Kwana uku kafin nan masu fasa dutsen gini suka ture wani falalen dutse a jikin tsaunin da ke kudu da garinmu, sai ga bakin kogo, ciki kuma ga mutum kwance bisa yashi. Bai ruɓe ba. Ya bushe ne ƙayau, fatarsa ta koma kamar tsohuwar salka. Ya dunƙule, gwiwoyi manne da ƙirji, hannuwa rungume da gwiwoyi, rigar saƙi ta sandare a jikinsa. Mutum guda ne ya ɗauko shi, ko nishi bai yi ba.

Gwaggo na ganinsa ta ce ubansu ne. Kakana Arzika ya bar gida wata shekarar yunwa, fiye da shekara sittin ke nan, ya ce zai yi kudu neman hatsi, bai dawo ba. Baba na da shekara goma sha ɗaya lokacin, Gwaggo bakwai, ƙaramin ƙanensu kuwa bai ga damina ba. Gari ya yanke cewa Arzika ya gudu Kurmi ya yi wani aure, Baba kuma ya riƙe wannan magana gam. Mu biyar ya haifa maza, bai sa wa ko ɗaya sunan ubansa ba. Da aka zo maganar biso, ya ce ko wane ne a rufe shi can inda aka same shi, ba zai shiga makabartar gidanmu ba. Gwaggo ta ce sai dai a rufe ta can tare da shi.

Liman ya raba gardama: ba a yanka, ba a ɓamɓare hannu ko ƙafa, kuma ranar Alhamis dole a rufe bawan Allah. Ni ne na kawo maganar hoton ƙashi a asibiti, don Gwaggo ta ce ubansu ya taɓa karya hannu, mai ɗori ya ɗora shi a karkace, irin wannan kuwa ƙashi ba ya mantawa. Ina koyar da ilimin halittu a kolej a Filinge, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: rabin abin da ya sa ni a motar nan zumunci ne, rabi kuwa ƙwaƙwa. Tun da nake ban taɓa ganin cikin busasshen mutum ba, kuma na ƙagu in gani.

Kilomita ashirin da biyu ne zuwa Filinge, muka ci sa'a guda da minti goma. Takardar izini daga jandarmeri ta ci mana wasu sa'o'i biyu, domin ba wanda ya san layin da za a rubuta irin wannan fasinja. Ƙarfe goma aka kawo wuta a asibiti, Isufu mai ɗaukar radiyo, wato hoton ƙashi, ya kira mu. Muka ɗora bawan Allah bisa tebur da tabarmarsa. Isufu ya koma bayan garkuwarsa, ya ɗaga murya yadda ya saba, "Ja numfashi, ka riƙe!" Sai ya ankara, ya kama baki. Har Baba sai da ya yi murmushi, shi ne kuma na ƙarshe da na gani a fuskarsa ran nan.

Da Isufu ya kafa hoton a jikin fitila, na ji kunyar alkawarin da na yi. Tun da mutumin a dunƙule yake, ƙasusuwan hannu da na ƙafa da haƙarƙari duk sun hau kan juna kamar damin itace. Ba ka iya cewa ga hannu, balle ka ce ga ɗori. Amma a tsakiya, daidai ciki, akwai wani dunƙule mai tsawo, fari-fari, mai ɗigo-ɗigo.

"Wanga hwa?" in ji Baba, ya nuna da sandarsa.

Isufu ya matso da ido, ya juya hoton, ya sake kafawa. "Baba, ga ganina abinci na. Kamar hatsi. Cikinai cike yake."

Baba ya daɗe yana kallon ɗigo-ɗigon nan, sannan ya juya wajen ƙanwarsa. "Kin ji, Hajo. In shi na, ya samu hatsin. Ya shiga kogo yac ci ya ƙoshi, mu muna gida muna tafasa ganye. Da gudu Kurmi da wanga, ni ban san wanda yaf fi ba." Ya gyara rigarsa ya fita. Ta taga na hango shi ya hau kabu-kabu, ya nufi gida.

Hankalin Isufu ya tashi. Ya ce shi ɗauka kawai ya iya, karatun hoto na manya ne, kuma radiyo tana matse gaba da baya wuri guda, ba ta faɗin abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Sai babbar na'urar da ake kira sikana, ita kuwa sai Yamai. Babban likita ya buga waya ga wata abokiyar karatunsa, ta ce a kawo. Na dubi Gwaggo, ina fatan ta ce a bari haka, don na fara tsoron abin da na tono. Ta ce, "Sani, hwaɗa ma direba gobe da sahe." Muka kwana a ɗakina na haya, akwati a asibiti. Na dama mata fura, ko kurɓa ba ta yi ba.

Talata: Filinge zuwa Yamai

Ƙarfe shida daidai muka ɗauki akwati. Na ƙara cusa auduga da tsofaffin zannuwa ta kowane gefe, na ɗaure shi da igiya huɗu. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita ɗari da tamanin ne, taksin daji kan yi ta cikin sa'a uku zuwa huɗu. Na roƙi Hamadu kada ya wuce arba'in a sa'a. Ya ce ko ban roƙa ba, shi ba ya gudu da wanda ya girmi kakansa.

A shingen fita gari wani matashin jandarma ya karɓi takarda, ya karanta, ya dubi akwati, ya ga bai kai tsawon makara ba.

"Yaro ne?"

"Dattijo na," in ji ni.

"Yaushe ya rasu?"

Gwaggo ta leƙo ta taga. "Tun ba a haihi ubanka ba, ɗana."

Ya ɗaga murfi da kansa, ya leƙa, ya mayar a hankali da hannu biyu. Ya cire hularsa ya yi addu'a, sannan ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani. Haka muka yi ta yi a kowane shinge. Takarda ba ta taɓa tsayar da mu ba, son gani ne ke cin lokaci, ni kuwa ba ni da bakin hana kowa.

Bakwai da rabi muka shiga Bonkuku, kusan kilomita arba'in. Muka sha shayi da burodi a bakin hanya, ƙarƙashin wani gawo. Daga nan hanya ta bi dallol, busasshen kwarin kogi, goruba hagu da dama, gonaki an share ana jiran ruwa. Da muka zo mararrabar Damana na ce wa Hamadu ya leƙa gida ya gai da tsohuwarsa. Ya ce in rufa masa asiri. In ta ji abin da ya ɗauko, sai ta sa an wanke motar da ruwan rubutu kafin ta bar shi ya shiga zaure.

A Baleyara muka tsaya ƙarfe goma saura, injin ya yi zafi. Ranar ba kasuwa, rumfuna wayam, sai masu gasa nama biyu. Na sayo tsire na kawo wa Gwaggo, ta ɗauki yanka guda ta riƙe. Na ce mata in sikana ta maimaita abin da Isufu ya faɗa, ina jin tsoron yadda za ta ji, kuma laifin nawa ne.

"Kai dai ba ka san yunwa ba," in ji ta. "In ya ci, ban riƙe shi ba. Ni da kaina na ƙwace gayan tuwo ga hannun ƙanena shekarar nan, ina sane. Amma ranar da za shi tahi, rabonai na hura ya aje muna, yac ce ya sha ga maƙwabta. Ƙarya ta, na ga bakinai bushe. Mutumen ga nika son a nuna ma Yaya. In kuwa ba shi na ba, to in sani, in daina gardama da ɗan'uwana kahin ɗayanmu ya mutu."

Ta cinye yankan, ta miƙo hannu na ƙara mata. Muka wuce Hamdallay sha biyu da rabi, muka shiga Yamai ƙarfe ɗaya da minti ashirin, zafi kamar a bakin murhu. Asibitin da aka aike mu babba ne, sai da muka zagaya gini uku kafin mu sami ɗakin sikana. Likita Ramatu ta fito da kanta, mace siririya mai tabarau, haifaffiyar Yamai, Hausarta da ɗanɗanon Faransanci. Ta leƙa akwati, idonta ya yi haske irin wanda na san nawa ya yi ranar farko, nan take na ji mun zama dangi. Ta ce masu rai sun fi shi gaggawa, mu zo gobe ƙarfe shida kafin layi ya taru. Aka ajiye shi a wani ɗaki busasshe, don ta ce sanyin ɗakin gawa da raɓarsa za su lalata shi. Mu kuma muka sauka gidan Zali, 'yar Gwaggo da ke aure can, ta yi mana shinkafa da miyar kifi.

Laraba: ɗakin sikana

Shida saura minti biyar muna ƙofa. Na'urar wani babban zobe ne mai gado a tsakiya. Bawan Allah ya shige zoben da ƙyar, gwiwarsa ta rage kaɗan ta taɓa. Ɗaukar ba ta kai minti biyu ba. Karatun ne ya ci sa'a biyu, har sai da aka fara buga ƙofa.

Likita ta zaunar da Gwaggo kusa da ita a gaban allo, ni ina tsaye bayansu. Ta ce na'urar tana yanka mutum fale-fale kamar yadda ake yanka burodi, ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba, sai a duba kowane yanki. Sannan ta yi mana gargaɗi.

"Inna, ni masu rai na koya. A jikin mai rai ruwa da kitse ke nuna mini hanya, in ce ga hanta, ga huhu. Wannan ba ruwa ko ɗigo. Komai ya motse, ya bar wurinsa, yashi ya shiga inda bai kamata ba. Abin da na gani zan faɗa, abin da ban sani ba zan ce ban sani ba."

"Haka nika so, ɗiyata," in ji Gwaggo.

Ta fara daga kai. Haƙora sun nuna mutum ne da ya manyanta, ƙugu ya nuna namiji ne. A ƙoƙon kai akwai tsaga. Na ce ko dukansa aka yi. Ta ce zai yiwu, zai kuma yiwu dutse ne ya faɗo masa bayan shekara talatin da mutuwa, ko bushewa ce kawai ta tsaga shi, hoto ba ya faɗin ranar da abu ya faru. Haƙarƙari huɗu a karye, su ma haka. Na tambaya to yaya za a gane ɗori cikin wannan tarin karaya. Ta ce wannan kam da sauƙi: ƙashin da ya karye bayan mutuwa bakinsa kaifi ne, wanda ya karye mai shi na raye ya warke kuwa yakan yi gaɓa mai kumburi. Ta bi hannuwa ɗaya bayan ɗaya. A hannun dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ga gaɓar nan, ƙashin ya haɗu a ɗan karkace.

Na kusa yin kabbara. Gwaggo kuwa ta shiga ɗaga hannuwanta tana dubawa.

"Ni hagu nika tunawa," in ji ta a hankali.

Na so in ce mata ta yi shiru, ai ba wanda ya tambaye ta. Ita kuwa ba ta iya ɓoyewa ba. Ta ce shekararta bakwai, kullum a gabansa take zama, ba ta sani ba ko hagunta take tunawa ko nasa. Likita ta ce ko da hannun ya dace, manoma masu ɗori a hannu suna da yawa, ba za ta iya rubuta suna bisa wannan ba. Gwajin jini na dangi kuwa sai an yanki ƙashi an aika waje, a yi watanni ana jira. Liman ya hana yanka, Alhamis kuma gobe ce.

Sai aka zo ciki. Ga dunƙulen nan, yanzu a fili. Ya miƙe daga wannan ƙugu zuwa wancan, cike da 'yan ƙwayoyi masu girma ɗaya.

"Nan babban hanji yake bi, a gicciye," in ji likita. "Wuri ya dace, siffa ta dace. Ina jin mutuminku na Filinge bai yi kuskure ba. Ya ci hatsi da yawa kafin ya rasu." Ta ƙara girman hoton. "Abu biyu dai ke damuna. Ƙwayoyin duk lafiyarsu lau, ba wadda aka tauna. Kuma tsakaninsu akwai wani gari mai laushi, ya cika kowane gurbi. Ba yashi ba ne, yashi ya fi haka haske. Ban san shi ba."

Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo. "Ɗiyata, kina iya nuna min shi duka, ba yanka-yanka ba?"

Likita ta taɓa wasu maɓallai, ƙasusuwa suka dushe, abin ya fito shi kaɗai yana juyawa a hankali. Dogo ne, ya fi kauri a gefe guda, ya tsuke a ɗayan. Kowane ƙarshe ya ƙare da ɗan ƙulli.

"Hanji na da ƙulli?" in ji Gwaggo.

"A'a. Na ɗauka murɗewa ya yi da ya bushe."

"Ƙahwar wando ta." Gwaggo ta nuna allon da yatsa. "Shekarun nan ba ka ɗaukar hatsi bisa kai, a tare ka ga hanya a amshe. Sai ka yanke ƙahwar wando guda, ka ɗura, ka ƙulle nan ka ƙulle nan, ka ɗaure ga ciki ƙarƙashin riga. Garin da ba ki sani ba kuwa toka ta. Wa ka cin hatsi da toka? Iri na. Iri aka garwaya da toka don ƙwari."

A gidanmu har yau haka ake ajiye iri, ni da kaina na sha tankaɗe tokar, amma ina kallon allon nan da idon littafi, ko kusa bai faɗo mini ba. Likita ba ta yarda nan take ba, kuma na ƙara ganin girmanta don haka. Ta ce in gaskiya ne, to dole fatar ciki ta kasance a bayan dunƙulen, ba a gabansa ba. Ta koma yanka-yankan, tana bi ɗaya-ɗaya, tana rage haske tana ƙarawa. Ta fi minti ashirin a haka. Can ta tsaya, ta sa bakin alƙalami bisa wani siririn layi kamar zare. Ya taso daga haƙarƙari, ya lotsa ya bi ta bayan dunƙulen har ya kusa manne wa ƙashin baya, ya fito a ƙugu.

"Ga fatar," in ji ta. "Cikin ya lotsa da ya bushe, gwiwoyi suka tura jakar cikin ramin. Abin da na ɗauka fatar ciki a gaba, riga ce." Ta cire tabarau ta goge. "A waje yake, Inna. Da na rubuta kuskure na sa hannu."

Na tambaya to me ke cikin cikin na gaskiya. Ta nemo shi, ɗan matsattsen wuri bayan layin nan. Ba komai sai wasu 'yan dunƙulalle guda shida masu tauri, waɗanda tun farko ta ce mai yiwuwa tsakuwar ciwo ce. Wannan karon ni na riga Gwaggo, domin na haɗiye irinsu ba iyaka ina yaro. Ƙwallon magarya ne.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Likita ta riƙe mata hannu, ni kuma na fita waje don ban iya tsayawa ba. Da na dawo ana rubuta takarda. Na karanta: namiji, babba, tsohon ɗori a hannun dama, jakar hatsi a wajen jiki, dalilin mutuwa ba a sani ba, suna ba a sani ba. Na roƙe ta ta ƙara ko da "mai yiwuwa" ne kusa da sunan kakana. Ta ce hoto bai faɗa mata haka ba.

Alhamis: komawa gida

Biyar da rabi muka bar gidan Zali, shida muka ɗauki akwati. Hanyar ba ta da labari, sai tayar da ta yi faci kusa da Baleyara, da wani ɗan yayyafi da ya tarye mu bayan Bonkuku har na tuɓe rigata na rufa wa akwatin. Duk hanya ina saƙa yadda zan yi da Baba. Na roƙi Gwaggo alfarma guda, kada ta ce komai sai na yi masa tambaya ɗaya. Ta ce halina na malaman lakwal, 'yan boko, ba zai bar ni ba, amma ta yarda.

Ƙarfe biyu da kwata muka tsaya ƙofar gida. Baba na zaure yana tufkar igiya, bai ɗago ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Baba, hannun da kaka ya karya, wane na?"

"Mi ya kai ka?"

"Ina son in ji daga bakinka kahin in hwaɗi abin da munka gani."

Ya ci gaba da tufka har na ɗauka ba zai amsa ba. Sannan ya ajiye igiyar, ya kama hannunsa na dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. "Nan. Raƙumi ya kada shi. Ni nar riƙe ma mai ɗori karare."

Na ba shi takardar, ko da yake ba ya karatun boko, na kuma faɗa masa komai yadda ya faru, har da abin da likita ta ce ba ta sani ba. Na faɗi ƙafar wando, na faɗi toka. Da na zo kan ƙwallon magarya shida, sai ya ɗaga mini hannu in tsaya.

"Iri," in ji shi.

"Iri, Yaya," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Bai taɓa ko ƙwaya ba."

Ya tashi, ya fita wajen mota ba sanda. Ya sa Hamadu ya ɗaga murfi. Tun ranar da aka fito da bawan Allah daga kogo Baba bai dube shi da kyau ba, yau kam ya duba. Ya daɗe. Sannan ya aika a gaya wa liman a haƙa a makabartar gidanmu, kusa da tsohuwarsu, a faɗaɗa ramin tun da ba ya miƙuwa.

Bayan la'asar aka yi. Liman ya ce ruwa zai narkar da shi, aka yi masa taimama, aka naɗe shi da likkafani yadda yake, da rigarsa da irinsa. Da liman ya tambayi sunan mamaci don addu'a, Baba ne ya faɗa, da ƙarfi, har na sahun baya suka ji. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar.

Muna dawowa daga makabarta ya riƙe kafaɗata, muka tsaya a bayan gari inda ake hango tsaunin. Ya tambaye ni daidai ina kogon yake, don shi bai je ba. Na nuna masa, gabas da wata tsagar dutse mai farin kashin tsuntsaye. Na ji hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata.

"Gonata ta ƙarƙashinai," in ji shi. "Tahiyar sa'a guda ta rage mai. Shekara sittin ina noma nan, in rana ta yi zahi in zauna inuwar dutsen ga in zage shi."

Muka taka a hankali har gida, ana kiran magariba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hamadu da bai yi gudu ba, da Isufu da ya ce iliminsa ya tsaya nan, da Zali da ta sauke mu, da likita Ramatu da ta koma ta sake dubawa don wata tsohuwa ta ce ba haka ba ne. Wanda ya karanta wannan, in bai manta ba, ya sa Arzika a addu'a, ya sa Baba ma.